Yaron Da Ya Ɓoye Ciwo Saboda Tuta

A shekarar da ƙasarmu za ta cika shekara ɗaya da samun 'yancin kai, an yi wani yaro a Furana mai zuwa makaranta a Ikara. Ba shi da tsawo. Amma in yana maci, sai ka ce shi kaɗai aka bai wa 'yancin. Shi ya sa Malam Bobbo ya zaɓe shi ya riƙe tuta ranar biki.

Tun daga ranar yaro bai ƙara samun sukuni ba. Ko miyar kuka ya kalla, koren tuta yake gani.

Saura mako uku biki, sai ya ji ciwo can cikin mararsa, ta dama. Ya duba, babu kumburi, babu maruru. Amma in ya miƙe ƙafa, sai ya ji kamar ana jan igiya a ciki. Ya koma tafiya a duƙe.

Innarsa ta ce, "Kai, me ya sami ƙafar nan?"

Ya ce, "Ba komai, Inna. Tafiyar soja nake koyo."

Ta ce, "Wane sojan? Wanda aka harba?"

Ya yi dariyar dole. Ya san in ya faɗa, tabarma za a shimfiɗa masa, a miƙa wa Usmanu ɗan ajinsu tuta. Sai ya riƙa ɗauko dutse mai zafi daga murhu, ya naɗe a tsumma, ya gasa wurin a ɓoye. Zazzaɓi ya zo, shi ma ya ɓoye shi.

Saura kwana huɗu, ana tsakiyar gwajin maci, yaro ya zube ƙasa. Aka kai shi gida. Babansa ya kira Lado wanzami. Lado ya danna nan, ya danna can, ya mai da askarsa cikin zabira.

Ya ce, "Ni wanda ido ke gani nake tsagawa. Wannan ya fi ƙarfin askata. Ku tafi Zariya yau, ba gobe ba."

Aka ɗora shi a bayan akori-kura, tsakanin buhunan hatsi da awaki biyu. A asibiti likita ya ɗauki hoton cikinsa. Wata nas, Veronica, ta yi wa babansa bayani.

Ta ce, "Baba, ƙurji ne can ciki, a naman da ke ɗaga cinya. Ƙwayoyin cuta sun tara mugunya har tana kumfa. Ba kasafai muke ganin irinsa ba. Da kun ƙara kwana biyu, da ya shiga jini." Ta dubi yaron. "Yaushe ya fara?"

Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ya kusa mako uku."

Babansa ya zura masa ido. Kallon ya fi bulala zafi.

Aka yi masa aiki, aka cire mugunyar. Ranar biki yana kwance, ga allura safe da yamma. Can nesa ya ji gangar 'yan makarantar Zariya tana wucewa. Ya tuna filin Ikara, da fararen riguna, da wurinsa a gaban layi. Yatsun ƙafarsa suka riƙa yin hagu da dama a ƙarƙashin bargo. Hawaye ya gangaro masa har cikin kunne.

Bayan mako biyar ya koma makaranta, yana tafiya a miƙe.

Ya ce, "Malam, na yi kuskure. Tsoro na ji kada a karɓe tutar."

Malam Bobbo ya ce, "To, ga shi ba ka riƙe ba, kuma saura kaɗan mu rasa ka. Da ka faɗa da wuri, da magani ya zo da sauƙi. Amma kwantar da hankalinka. Ƙasar nan ba gudu za ta yi ba. Baɗi ma akwai biki, kuma kai ne a gaba in Allah ya kai mu."

Yaro ya yi murna har ya rasa inda zai sa kansa. Daga ranar bai sake ɓoye ciwo ba. Ku ma yara, in kun ji ciwo a jikinku, ko ido ba ya ganinsa, ku gaya wa iyayenku tun da wuri.