Mutum Goma Sha Tara a Jirgin Haya

Zan faɗa sau ɗaya. Wanda ya ga dama ya ji.

Ni Nabi Bangura, shekara hamsin ina tuƙa jirgi tsakanin Konakiri da tsibirai. Fasine Suma a gabana ya girma a tashar jiragen Bulbine. Kwalekwale ɗaya gare shi, yana ɗibar fasinja zuwa tsibirin Kasa, kuma tukunyarsa ba ta kwana babu wuta. Amma duk sanda farin jirgin shaƙatawa ya wuce da baƙi kwance a kansa, sai ya bi shi da ido har ya ɓace.

Wata rana ya ce, "Kawu Nabi, kai ka san rafukan Dubreka. Kai ni."

Na san wurin wa zai je, akwai wani boka a can. Na kai shi. Wannan laifina ne, ban ɗora wa kowa ba.

Da rana tsaka muka isa, ruwa ya janye, taɓo na wari. Bukkar bokan a kan sanduna take. Haƙarƙarin kifin da ban taɓa ganin irinsa ba shi ne ƙofa. A ciki akwai farin ƙyalle da jini ya bushe a kai, da tarin ɓawon kawar teku, da wata randa cike da ruwan gishiri. Babu mai taɓa randar, amma ruwan yana hawa yana sauka kamar ƙirjin mai barci.

"Jirage nake so," in ji Fasine. "Farare. Masu ɗakin kwana."

"Ruwa na bayarwa," in ji bokan, bai ɗago ba. "Yana kuma karɓa."

"Sa nawa zan yanka? Faɗi."

"Ba ya cin sa."

"To me yake ci?"

"Naka. In ka ɗora masa."

"Nawa me? Kifi? Kaya?"

"Tambaya ka zo yi ko arziki?"

Na taka ƙafar Fasine. Ya janye ta. Bokan ya zaro ƙusar tagulla, ya soki babban yatsan Fasine da ita, ya sa shi ya kira sunan uwarsa sau uku a bakin randar. A na ukun ruwan ya tsaya cik. Ya ba shi ƙusoshi bakwai, kowane jirgi a buga masa ɗaya a ƙasa inda ido ba ya gani.

Shekara huɗu, jirage bakwai suka cika. Iyalai na zuwa daga ƙasashe, kaka da 'ya'ya da jikoki, su yi hayar jirgi guda su zaga tsibiran Kasa da Rum da Tamara. Ni ne babban matuƙinsa. Ko ƙwarzane baƙo bai taɓa yi ba.

Sai ya sa ƙanensa Morlay aiki a jirgi. Sati biyu, Morlay ya sauka ɗaure igiya a ruwan da bai wuce gwiwa ba. A nan muka ɗauko gawarsa. Ɗan farin Fasine ya biyo mu kamun kifi, ya leƙa ruwa, bai sake ɗagowa ba. Uwar yaron, Mafudiya, tun daga ranar take ɗebo ruwan teku a bokiti tana yi masa waƙar raino.

Fasine ya gane. Ya gina gidan bene a kan tudu, ya kafa doka: jininsa ba ya taka jirgi. Dalili bai faɗa ba.

Dokar ta yi shekara tara, har mahaifiyarsa, Inna Mabinti, ta cika tamanin. A Tamara aka haife ta, tana so ta ga kabarin uwarta kafin ta mutu, kuma ba ita kaɗai ba. 'Yarsa Yari, mai kula da ofis, ita ta ɗauki shirin a kanta. Aka kira ni in zana hanya. Na tarar da su a tsakar gida, takarda shimfiɗe a kan tabarma.

"Kwana uku," in ji Yari. "Ɗakin ƙasa na Kaka, kusa da banɗaki."

"Ke, tsohuwar banza," in ji Inna Mabinti, "ni za ki kai ƙasa? A sama zan zauna kamar matar Bature, da tabarau."

"Iska ta kwashe ki mu huta."

"Ki auri mijina tukuna, mai ƙafar kaguwa. A sa manja da yawa, da busasshen kifi. Ba na cin abincin gwangwani."

Ana ta dariya Fasine ya shigo. Ya dubi takardar. Sunaye goma sha tara, har da nasa.

"Babu inda za a je."

"Baba, kakannin wasu kullum muna yi musu shimfiɗa. Tamu fa?"

"Na ce babu."

Tsohuwar ta ce, "Fasine, ashe jirginka ya fi ƙarfin ƙazantar uwarka?"

Fasine ya ja ni waje. Washegari muka koma Dubreka.

Bokan ya tsufa, randar ba ta canza ba.

"A sassauta mini kwana uku."

"Ba ni na riƙe ba."

"To mene ne mafita?"

"Zare ƙusoshin. Ka dawo da su nan. Gidanka ya tsira."

"Jiragen fa?"

"Su koma inda suka fito. Kai ma ka koma kwalekwale."

A hanya na ce masa, "Yau ɗin nan ka zare su. Ni zan nutsa in taya ka."

"Kawu, lokacin baƙi ne. Bari damina ta sauka."

"Tafiyar ranar Alhamis ce."

"Na samo dabara. Jirgin wani zan yi haya, na mutumin Dakar. Babu ƙusa a jikinsa."

"Ruwan ma na Dakar za ka yo haya?"

Na ce ba zan tuƙa ba. Na je na faɗa wa tsohuwar komai, har da kai shi da na yi. Ta sa aka kira shi.

"Abin da Nabi ya faɗa, gaskiya ne?"

Ya dubi uwarsa, ya dubi gidan benen. Ya ce, "Inna, tsufa ne. Hassada ce. Na rantse."

Ta ce mini, "Ka ji. Tashi ka ba mu wuri."

Ranar Alhamis da hantsi suka tashi. Na bi su a kwalekwalena daga nesa. Teku kwance kamar faranti, babu iska, babu gajimare. Ina jin kiɗansu. Kowa sanye da rigar kariya, Fasine da kansa ya ɗaura wa kowa.

Sun wuce Kasa, ba su kai Rum ba, injinsu ya mutu. Ruwan da ke kewaye da jirgin ya tsaya cik.

Na ga tsohuwar ta miƙe daga kujerarta. Ta kwance rigar, ta ninke, ta ajiye. Ta sauka matakalar baya ba tare da sanda ba, kamar wadda aka kira daga tsakar gida. Yari ta kwance tata, ta bi ta. Sauran suka kwance nasu suka bi, manya da yara, a jere, babu mai ihu. Ma'aikatan jirgin suna riƙe wannan, wancan na zamewa. Fasine ya tare matakalar da jikinsa yana kiran sunayensu. Suka bi ta gefe.

Na buɗe injina iya ƙarfinsa. Mutum ɗaya na samu, 'yar Yari mai shekara huɗu, na damƙo ta da kitso. Cizona ta yi tana neman komawa. Sai da na ɗaure ta da igiyar anga har muka kai tudu. Washegari na kai ta can cikin ƙasa wajen dangin ubanta, inda ko rafi babu.

Ba a ga gawa ko ɗaya ba.

Kafin ƙarshen damina jirage bakwai ɗin suka ruɓe a inda suke ɗaure. Babu wanda ya yarda ya hau, babu wanda ya yarda ya saya. Gidan tudu, jemagu ne a ciki.

Fasine na nan. Kowace safiya yana shiga teku a Bulbine da duwatsu a aljihu, ya yi ta tafiya har ruwa ya rufe kansa. Kowace safiya igiyar ruwa na dawo da shi kan yashi da ransa. Shekara shida ke nan. Mata masu sayar da kifi sun daina ɗagowa su duba.

Ku masu kallon abin wani kuna haɗiyar yawu, ku ji ni. An ba mutumin nan zaɓi da rana tsaka, tsakanin uwarsa da katako mai fenti. Ya ce a bari sai damina. Duk wanda aka ce masa arziki ba da gumi ba, ya koma gida ya dubi fuskokin da ke cin tuwo a kwanonsa. Da su zai biya.