Kwanar da Makara Ba Ta Juyawa

Zanzaro na tafe a kan ƙafafunta na ƙarfe, tana feso laka layi bisa layi, ɗaki na hawa kan ɗaki. Wannan na'ura ce ta gina Unguwar Sauƙi a birnin Rafin Kuka, gidajen da hukuma ke raba wa marasa galihu, kuma Injiniya Isyaku ne ya zana su. Yau ma tana can bayan unguwa tana aikinta. Shi kuwa yana tsaye a hawa na huɗu, bakin ɗakin mahaifiyarsa Inna Sahura, wadda rai ya yi wa halinsa da hantsi.

Fili ya yi tsada a birnin har mai kuɗi na kuka, balle talaka. Don haka Isyaku ya matse komai. Ya auna kafaɗar mutum, ya ba kwamfuta ta fitar da lungu mafi ƙanƙanta da za a iya bi. Matakala ta nannaɗe kamar katantanwa, tagogi kuwa ko kan akuya ba ya wucewa. Lakar ma abin taƙama ce, don akwai ƙananan halittu a cikinta, da ta tsage sai su toshe tsagar nan take. An ba shi lambar yabo, ya sha tafi, kansa ya kumbura ba kaɗan ba. Makullin farko uwarsa ya miƙa wa.

Mata suka yi mata wanka da sutura. Makara ta hau bene a miƙe tsaye ba gardama, tunda babu kowa a kanta. Da aka kwantar da Inna, maza suka ɗaga, sai kwanar farko ta tare su. A karkata dama ta ƙi, a karkata hagu ta ƙi.

Kawu Lawandi, yayan marigayiyar, ya juyo. "Isyaku, ta ina kuke fitar da gawa a gidan nan?"

"Babu wata hanya, Kawu. Wannan ce kaɗai."

"Ku da kuka zauna kuka zana, ba wanda ya tuna ana mutuwa?"

Isyaku ya sunkuyar da kai. "Masu rai muka auna."

"Mai rai ai shi ke lanƙwasa kansa," in ji Kawu. "Wannan ta gama nata."

Aka aro guduma. Isyaku da kansa ya riƙa dukan bangon, yana fasawa, lakar na haɗewa a gaban idonsa sumul, kamar ba a taɓa ta ba. Ya tsani bangon nan, ya tsani hannun da ya zana shi. Ya kira ofishin kula da Zanzaro, aka yi masa ta'aziyya cikin ladabi, sannan aka ce gini kawai aka koya mata, ba ta san rushewa ba. Maganin da ke kashe halittun lakar kuma ba a bayar da shi sai hukuma ta zauna gobe.

A ƙasa liman da jama'a sun jeru cikin rana suna jira.

"Ƙanwata ba za ta kwana a nan ba," in ji Kawu a hankali. "Mutum ɗaya ka yi wa hanyar, to mutum ɗaya zai sauke ta. Juya bayanka."

Aka ɗauke ta daga makarar, aka tsai da ita cikin likkafaninta, aka ɗaure ta a bayan ɗanta da zanenta na salla. Matan da ke ɗakin suka kau da fuska. Isyaku ya soma sauka, hannu ɗaya a bango, ɗaya na kare kanta, amma duk kwanar da ya sha sai ya ji ƙafafunta sun bugi matakala. Kunya da baƙin ciki suka cika shi, hawaye ya hana shi ganin inda yake takawa.

Ƙofofi suka riƙa buɗewa. Galibin waɗanda aka ba gidajen tsofaffi ne, suka leƙo shiru, ba mai iya fitowa ya taya shi don babu wurin tsayawa. A hawa na biyu wani dattijo maƙwabcin Inna ya yi mata addu'a, sannan ya dube shi, babu faɗa a muryarsa.

"Injiniya, ita Allah ya ba ta ɗa. Ni fa, wa zai goya ni?"