Notin Da Ya Tsaya A Juyi Na Uku

Ranar da ya fara shigowa shagon kawunta, Auta ta ɗauka mai neman taimako ne. Riga duk baƙin mai, hannu dunƙule da hankici kamar wanda ya tsinci zinare. Ya warware hankicin a kan tebur a hankali, sai ga wata tsohuwar macen noti da tsatsa ta fara cin gefenta.

"Namijinta nake nema," in ji shi.

Shekara uku Auta tana sayar da noti a shagon nan, ido kawai take sawa. Ta jawo durowa ta miƙo masa wani sabo fil, sai ƙyalli yake. Saurayin ya sa shi cikin tsohuwar da yatsu biyu. Ya juya sau ɗaya, ya juya sau biyu, a na uku ya cije.

"To sa masa sifana mana, zai shige," ta ce.

Ya kalle ta kamar ta ce ya mari mahaifiyarsa.

"Haba 'yan mata! Naki na milimita ne, irin na motocin yanzu. Tawa ta inci ce, daga motar da ta girme mu. A ido kamar ɗaya suke. In na matsa masa zai shiga, amma zai aske tiredin ciki tas, wato zaren ƙarfen da ke riƙe shi. Sai ya zauna kamar ya kama, alhali ba abin da ya riƙe."

"Sai me kuma?"

"Sai ranar da aka sha kwana da gudu."

Ta hau tsani zuwa wasu tsofaffin gwangwanaye da kawunta ya manta da su a saman kanta, ta yi ta tona har ta samo. Wannan kam da yatsu ya shige har ƙarshe, sumul. Saurayin, wanda ashe makaniki ne, ya yi wani murmushi da ya sa ta kusa zamewa daga tsanin.

Da zai tafi ya bar mata tsohuwar macen notin. Wai ta ajiye don awo, saboda zai dawo. Ya kuwa dawo, har sau huɗu a mako guda, kuma ko makaho ya san ba duk zuwan ne na noti ba.

Tsofaffin motoci kaɗai yake gyarawa, a wata rumfa bayan tashar manyan motoci. Sai ta laƙaba masa Ɗan Tsofaffi, shi kuma yana ce mata Ƙanƙarata, wai ita ke sanyaya masa rai.

"Ƙanƙarata," ya rubuto mata wata safiya, "yau na tashi na sa gishiri a shayi. Ki faɗa wa kawu ya biya ni, a shagonsa hankalina ya faɗi."

"Notin kanka ne ya kwance," ta mayar masa. "Ka zo in duba, ko akwai irinsa a gwangwani."

Inda gizo ke saƙa shi ne gidansu. Mahaifinta tsohon hedimasta ne, mutum mai magana ɗaya. Ranar da Makaniki ya je gaishe shi, tsohon ya tsaya kallon faratansa ya fi minti guda.

"Kai ne mai bin bola kana tsintar ƙarafa?"

"Ni ne, Baba."

"To 'yata ba daga bola na tsinto ta ba. Ka gaida gida."

Akwai wanda Hedimasta yake so ya ba Auta, ɗan amininsa da ake kira Injiniya, mai ƙaton gareji da fitilu da injinan ɗaure noti masu ƙara kamar bindiga. Ba mugu ba ne, gaskiya. Mutum ne dai mai sauri, wanda bai taɓa jiran komai ba a rayuwarsa.

Sannan akwai motar. Wata koriyar tsohuwa ce da ke lulluɓe da tamfol a tsakar gida, wadda Hedimasta ya saya shekarar da ya auri mahaifiyar Auta. Tun da matar ta rasu bai sake kunna ta ba, shekara goma sha tara. Auta ta tashi tana tsoron wannan tamfol. In iska ta kaɗa sai ya riƙa ɗagawa yana sauka kamar mai numfashi.

Injiniya ya ce zai tayar da ita kyauta. Cikin mako uku ya dawo da ita tana sheƙi, har maƙwabta suka fito kallo. Hedimasta ya shafa sitiyarin, hawaye ya cika masa ido. Ya ce ranar Asabar da safe shi da kansa zai tuƙa, Auta a gefensa a kujerar mahaifiyarta, su gangara har bakin gada inda suka saba zuwa da marigayiya.

Kowa ya san gangaren nan. Doguwa ce, ga wata muguwar kwana a ƙasa daf da gadar, kuma ƙarfen da aka kare bakin ramin da shi ya sha gyara.

Auta ba ta son Injiniya, amma farin cikin mahaifinta ya tsuma ta. Ta ɗauki hotunan motar ciki da waje, har da ƙarƙashi lokacin da aka ɗaga ta, ta tura wa masoyinta.

Aka yi kusan awa guda. Sannan saƙo ya shigo, babu Ƙanƙarata, babu wasa.

"Notin da ke riƙe hannun sitiyari, a hoto na biyar. Na ga lamba a kansa. Na inci ba lamba gare su ba, layuka ne. Motar nan ta inci ce. Don Allah kada kowa ya hau ta."

Ranta ya ɓaci. Ita da hannunta ta zuba wa Injiniya waɗannan notuna a kwali, bisa takardar da ya aiko. Kenan cewa yake ita ta sayar da ajalin ubanta?

"Ban san kishinka ya kai nan ba," ta rubuta. "Shekara goma sha tara ban ga Baba ya yi dariya irin ta jiya ba. Ka bar mu mu ji daɗinmu."

"Ki tsane ni in kina so. Amma kada ki hau."

Ya kira sau bakwai, ta kife wayar. Washegari ya je wurin Hedimasta da kansa, aka kore shi tun daga ƙofa, tsohon yana cewa dama ya san hassada ce za ta kawo shi. Injiniya kuwa dariya ya yi, ya ce injinsa ne ya ɗaure, ko giwa ba ta kwance shi.

Kwana biyu Auta ba ta da sukuni. Ta ba wani mai saye sukuru maimakon washa. In babbar mota ta taka birki a titi sai ta zabura. Ranar Juma'a da yamma, tana haɗa kayan rufe shago, makullinta ya faɗi ƙasa, kuma a jikinsa tsohuwar macen notin nan take rataye tun ranar farko.

Ta daɗe tana kallonta. Makaniki ya taɓa ce mata daga mota irin ta mahaifinta ta fito, shekararsu ma kusan ɗaya. Ta ciro ta, ta jawo durowar da ta ɗebar wa Injiniya, ta ɗauki namiji guda mai kaurinta.

Ta juya sau ɗaya. Ta juya sau biyu. A na uku ya cije.

Ta canza wani, ya cije. Ta sake wani, shi ma ya cije. Sai kawai ta zauna a ƙasan shagon, ta jawo wayarta.

"Ɗan Tsofaffi, ka yafe mini," ta rubuta, hawaye na ɗiga a kan wayar. "Na gwada. Ya tsaya a na uku. Na san Baba, in na faɗa masa cewa zai yi kai ka zuga ni. Gobe ƙarfe takwas zai fita. Ina jin tsoro."

"Zan riga shi zuwa ƙofa," ya amsa.

Asabar ta waye da hadari a sama, garin ya yi duhu-duhu, ba iska. Hedimasta ya sa tsohon kwat ɗinsa, ya tayar da mota, Injiniya ya buɗe ƙofar gida yana ɗaga hannu. Sai ga Makaniki zaune dirshan a tsakiyar hanya, jak ɗin ɗaga mota a gefensa, sifana a cinya.

"Tashi daga nan!" tsohon ya daka masa tsawa ta taga.

"Baba, ku yi haƙuri, ba zan tashi ba. Minti biyar nake roƙo, noti ɗaya zan taɓa."

"In ka taɓa motar nan, wallahi ko sunan 'yata kada ka sake kira."

Makaniki ya dubi Auta da ke zaune a gaba. Idonsa ya yi ja. Yana son yarinyar nan fiye da yadda bakinsa ya iya faɗi, kuma ya san tsohon ba ya janye magana.

"Na yarda," ya ce. "Ku ba wanda kuke so. In dai tana raye, ni ya ishe ni."

Auta ta buɗe jakarta ta ciro tsohuwar mace da sabon namiji, ta ɗora su a tafin mahaifinta.

"Baba, kai ka koya mini kada in yarda da amsa sai na gwada ta da kaina. Gwada, don darajar Mama."

Tsohon ya harare ta, amma ya juya. A na uku yatsunsa suka tsaya. Ya sake, suka sake tsayawa. Ya kashe motar ya fito.

Makaniki ya ɗaga gaban motar ya shige ƙarƙashi. Ya ɗora sifana a kan notin sitiyarin, wanda aka ce giwa ba ta kwance shi. Bai ma yi rabin juyi ba notin ya zame ya faɗo masa a hannu, garin ƙarfe na zubo masa a fuska. Tiredin ya aske tas, sai santsi. Ya tura tayar da tafin hannu, ta karkace ita kaɗai, sitiyari kuwa ko motsi bai yi ba.

"Innalillahi," in ji Hedimasta, ya dafa bango.

Injiniya ya durƙusa ya leƙa, sannan ya miƙe. "Da ƙyar ya shiga, na ɗauka tsatsa ce, na ƙara wa injin ƙarfi," ya ce a hankali. "Baba, ban sani ba." Ya nemi gafara ya fita, ko waiwaye bai yi ba.

Makaniki ya tattara kayansa zai tafi, tun da ya yi alkawari.

"Ina za ka?" in ji tsohon. "Ka kwance mini mota ka bar ta haka? Sauran notunan fa?"

Wata huɗu aikin ya ci. Ya cire duk abin da aka sa da ƙarfi, ya gyara ramukan da suka lalace. Na ado, na ƙofa da na fitila, ya bi tsofaffin gareji ya nemo na zamanin motar, Auta na wanke su da kananzir. Hedimasta ya kafa kujera a gefe yana kallo, kullum da tambaya kamar yana aji.

"Na ga na sitiyari da birki sababbi ka sa. Ba kai ne mai son tsofaffi ba?"

"Tiredin na da ne, Baba, amma ƙarfen sabo na sa aka yanka. Tsohon ƙarfe ya gaji. Inda ran mutum ya rataya ba na sa shi, komai kyansa."

Tsohon ya kalli yadda yake fara kowane noti da yatsu har ƙarshe kafin sifana ta taɓa shi. Ranar da aka ɗaure na ƙarshe ya yi gyaran murya.

"Na rantse kada ka kira sunanta, kuma ban janye ba. Amma na ji ka sa mata wani sunan, na ƙanƙara ko na me. Ka ci gaba da shi. Ka turo manyanka."

Auta ta ruga ɗaki da gudu, mayafi a fuska.

Ranar ɗaurin aure Hedimasta ya ce shi zai kai su gidansu, kuma ta gangaren zai bi. Ango da amarya suna baya. Da motar ta fara sauka Auta ta damƙe hannun mijinta har farcenta ya shige shi. Kwanar na matsowa, ga ramin can ƙasa. Tsohon ya karya sitiyari, motar ta bi shi lafiya lau, ta hau gada.

A can ƙarshen gadar ya tsaya. Ya sa hannu a aljihun kwat ya ciro notin nan mai santsi, wanda yake yawo da shi tun waccan Asabar, ya miƙa wa surukinsa.

"Da ban same ka zaune a ƙofa ba, da nan ƙasa za a zo neman mu," ya ce. "Ka riƙe ta yadda kake riƙe aikinka, kada ka taɓa matsa mata. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari, ya sa ku tsufa tare fiye da motar nan."

"Amin, Baba," suka ce tare, Auta na kuka tana dariya.

Tsohon ya shafa kujerar da ba kowa a gefensa, sannan ya tayar da mota.