Hoton da Aka Ɗauka a Bakin Gada

Auta tana durƙushe a falo tana goge wa mahaifinta riga lokacin da yayanta ya shigo, ko sallamar kirki bai yi ba. Ya wuce ta kai tsaye, ya ajiye wayarsa a kan cinyar Baba, wanda ke kishingiɗe yana sauraren rediyo.

"Baba, ga surukin naka! Duba shi da kyau!"

Saura wata biyu a ɗaura auren Auta da saurayin da kowa ke kira Mai Keke. Kekuna goma sha huɗu gare shi, yana ba da su haya ga baƙin da ke zuwa ganin gari, kuma shi ne ke shige musu gaba ya zagaya da su. Tun farko Yaya bai so haɗin ba. Shi ma'aikacin ofis ne mai mota, kuma a ganinsa sana'ar keke ba ta kai a ba mai ita 'yar gidansu ba.

Baba ya sa tabarau. A hoton, ga Mai Keke durƙushe a bakin gada, kansa a sunkuye, hannuwansa biyu riƙe da gefen rigar wata mace. Matar tana tsaye jikin keke, ta rufe baki tana dariya.

"Ina wucewa a mota na gan su," in ji Yaya. "Ko fakin ban yi ba na ɗauka. A kan titi fa, Baba, da rana tsaka!"

Auta ta leƙa ta bayan kujera. Tana gani ta zauna a ƙasa.

"Baba, don Allah a tambaye shi... wataƙila..."

"Wataƙila me? Kwastoma ce, ko?" Yaya ya yi tsaki. "Haka ake karɓar kwastoma a garinku?"

Baba ya cire tabarau ya naɗe a hankali. Ya ce, "Daga yau ba kira, ba zuwa zance, sai na yi magana. Kin ji ni?"

"Na ji, Baba." Hawaye suka zubo mata. Mama ce ta zo ta zare soket ɗin dutsen guga, don rigar ta fara ƙauri.

Washegari Mai Keke ya zo neman ganin Baba, Yaya ya tare shi a ƙofa ya mayar da shi. Saƙo ɗaya tak ya turo wa Auta: "Na ji umarnin Baba, kuma zan bi. Ina da bayani, amma shi ya kamata ya fara ji." Ta karanta saƙon ya fi sau ashirin, ba ta ba da amsa ba. Abin da ya fi ci mata rai shi ne, ita kanta ba ta san yadda za ta fassara hoton ba. Ta daina cin abincin kirki, idanunta suka kumbura, amma ba ta taɓa ɗaga wayar ta kira shi ba.

A rana ta tara, Mama ta kawo wa Baba shayi ta zauna kusa da shi.

"Malam, yarinyar nan tana ƙarewa a tsaye. Kai ne fa ka yi kwana uku a hannun 'yan sanda saboda shaidar mutumin da ya hango hatsari ta tagar mota yana gudu. Har yau kana ba da labarin. Yanzu kuma da irin wannan shaidar za ka raba aure?"

Shekara talatin da biyu Baba ya yi yana tuƙa babbar motar fasinja kafin ya ajiye aiki, kuma wannan kwana ukun bai taɓa barin zuciyarsa ba. Da ya shanye shayin ya kira Yaya, ya ce, "Gobe da safe za ka raka ni. Kai ka kawo maganar, a gabanka za a yi ta."

Rumfar Mai Keke tana bayan tashar mota. Kekuna a jere cikin inuwa, kowanne da lambarsa a jikin sirdi, ga hulunan kwano rataye a ƙusoshi, ga wani gwangwani cike da robobin da aka yanka daga tsohon tib na taya. Sun same shi yana matsa birkin kekuna ɗaya bayan ɗaya, baƙi uku suna jiransa. Yana ganin Baba ya saki keken ya durƙusa.

"Baba, barka da zuwa. Bari in ba baƙin nan haƙuri, a zauna in yi bayani."

"A'a. Ba na tsayar da mutum daga aikinsa. Aikin ma nake son gani. Ba mu keke biyu."

Yaya ya zaro ido. "Baba, keke kuma? Da takalmin ofis?"

"Hau!"

Mai Keke ya zaɓi keke mai faɗin sirdi, ya sauke shi daidai tsayin Baba. Sa'an nan ya ɗebo robobi ya raba wa kowa, baƙin suka ɗaure ƙafafun wandunansu. Ya miƙa wa Baba guda biyu da hannu bibbiyu, yana kallon doguwar rigarsa.

"Baba, a taimaka a tattare rigar a ɗaure. Kaca ba ta son tufa mai faɗi."

"Yaro, na tuƙa mota mai taya goma da irin wannan rigar tun ba a haife ka ba. Keke ne zai sa in ɗaure kaina kamar buhu?"

Mai Keke bai yi musu ba. Ya sa robobin a aljihu, ya roƙi ɗaya daga cikin baƙin ya shiga gaba, shi kuma ya koma gefen Baba na dama, inda kacar take.

Suka bi ta bayan tsohuwar kasuwa, suka ratsa layin maƙera, inda Mai Keke ya tsaya ya gaisa da kowa, ya nuna wa baƙin yadda ake hura wuta. Daga nan suka shiga wata siririyar hanya tsakanin lambuna, wadda mota ba za ta iya bi ba. Da farko keken Baba yana ta kaɗawa hagu da dama, amma kafin su fita daga lambunan ya daidaita, har ya danna ƙararrawa ya wuce Yaya, wanda gumi ya jiƙa wa riga.

"Ɗan ofis, matsa gefe!"

A gangaren gada iska ta ɗaga rigar Baba. Sai ji aka yi ƙiiii! Feda ta tsaya cak, rigar ta finciko shi gefe. Mai Keke ya yi watsi da nasa keken, ya cafke kan na Baba da hannu ɗaya, ya tallafe shi da kafaɗa har ya sauke ƙafa ƙasa.

"Kar a motsa, Baba! In aka ja za ta ƙara shigewa!"

Ya durƙusa a kan kwalta, ya sunkuyar da kai, ya kama gefen rigar da hannu biyu, yana juya feda baya sannu-sannu, yana zare yadin daga haƙoran kaca. Baba yana tsaye jikin keke, yana haki, yana kallon ƙeyar yaron. Can ya ɗaga kai ya dubi ƙarfen gadar, ya dubi motocin da ke wucewa, sa'an nan ya juya wajen Yaya.

"Fito da wayarka. Ɗauke mu hoto, ka kai wa uwarka, ka ce ka kama shi yana neman aurena."

Baƙin suka fashe da dariya. Yaya ya sunkuyar da kai.

"Ita ma waccan baƙuwar ta ƙi ɗaurewa ne?" Baba ya tambaya.

"Ta ƙi, Baba. Cewa ta yi robar za ta ɓata mata ado. Mijinta yana wurin, bai iya cirewa ba, shi ya kira ni. Iskar gangaren nan kullum haka take yi."

"To me ya hana ka turo wa Auta bayani ta waya?"

"An ce kar in yi magana da ita. Na ga in na saɓa umarni tun ban shiga gidan ba, ko gaskiyata ta fito, na riga na yi laifi."

Baba ya miƙa hannu ya ce, "Ba ni robar." Ya tattare rigarsa da baƙin mai ya ɓata, ya ɗaure tamau. Suka ƙarasa kan tudun da ke saman madatsar ruwa, suka jingine kekuna. Daga can ana hango garin gaba ɗaya, har da titin da Baba ya yi rabin rayuwarsa yana bi.

"Sau dubu na wuce ta ƙasan nan," in ji shi, "ban taɓa sanin akwai ruwa a bayan tudun ba."

Yaya ya matso kusa da Mai Keke, murya ƙasa-ƙasa. "Na zalunce ka. Ka yafe mini."

"Ba komai, Yaya. Ƙanwarka kake karewa."

Da la'asar Auta tana shanya a tsakar gida ta ji ƙararrawar keke a ƙofa. Baba ya shigo yana ɗingishi, Yaya na biye da shi yana dafe da ƙugu.

"Malam, lafiya? Me ya sami rigarka?" in ji Mama.

"Taurin kaina ne ya same ta. Auta, sa mayafi ki fita, baƙonki na waje. Biki yana nan yadda aka sa."

Zanin da ke hannun Auta ya faɗi ƙasa. Ta durƙusa ta riƙe gwiwar mahaifinta tana kuka tana dariya, har sai da Mama ta ɗaga ta ta goge mata fuska.

A ƙofar gida ta sami Mai Keke tsaye, hannuwansa duk baƙin mai. Ya ba ta labari tun daga farko. Ta sauke wani dogon numfashi, sa'an nan ta harare shi.

"Na yarda. Amma bayan biki za ka koya mini cire tufa daga kaca. Duk kwastomar da rigarta ta maƙale, ni zan durƙusa mata!"

Haka wannan gida ya tsira daga raba masoya biyu a kan abin da aka hango a guje. Auta da Mai Keke sun danne zuciya, sun bi umarnin iyaye a lokacin da bin yake da ɗaci, haƙurin kwana tara ya ba su zaman shekaru. Duk wanda aka kawo wa magana a kan wani, ya daure ya je inda abin ya faru, ya tambayi mai shi, kafin ya yanke hukunci.