Wanda Ya Tsinci Kinasih

"Mas Gunadi ne ya aiko ni," in ji Retno, wata 'yar unguwarsu, tana ajiye kwandon lemo a gefen gadon asibitin. "Ya ce ki yi haƙuri... maganar aure ta tashi."

Ningrum ba ta ɗago ba. Idonta na kan jan ruwan magani da ke ɗiga cikin hannun 'yarta Kinasih, 'yar shekara shida.

"Shi ya faɗa da bakinsa?"

"To, ke kin san mahaifiyarsa. Ta ce ɗanta ba zai kwashi bazawara da jinya ba."

Kowa a unguwarsu a Yogyakarta ya san Retno ce mahaifiyar Gunadi ke so ya aura, kuma wannan lemo ba na Allah da Annabi ba ne. Amma zuciyar da ta gaji ba ta bincike. Shekara biyu Ningrum ta yi tana jinyar Kinasih da sankarar jini ita kaɗai bayan rasuwar mijinta, har likita ya ce ciwon ya kwanta, gashin yarinya ya tsiro, Gunadi mai gyaran babur ya kawo kayan tambaya. Saura sati uku biki ciwon ya dawo.

A ranar da Retno ta zo, Ningrum ta toshe lambar Gunadi, ta roƙi ma'aikatan jinya kada su bar shi ya shigo.

Maganin wannan karon ya fi na da zafi. Bakin Kinasih ya yi gyambo, ko kunun shinkafa ba ta iya haɗiyewa, gashin ya sake zubewa a kan matashi. Kullum tambayarta ga mahaifiyarta ɗaya ce.

"Ibu, ina mai babur?"

"Aiki ya yi masa yawa, 'yar lelena."

Da aka ba su hutun kwana huɗu kafin zagaye na gaba, mahaifiyar Ningrum ta kafe a kan al'ada: a yar da yarinyar a mararraba, wani ya tsince ta ta zama tasa, ciwon ya ɓata hanya.

"Likita ya yi nasa, bari mu yi namu," in ji tsohuwar.

Ningrum ba ta yarda da abin ba, amma ba ta da ƙarfin musu.

Da hantsi aka shimfiɗa tabarma a mararraba, aka zaunar da Kinasih da hularta da takunkumi a fuska, Ningrum da mahaifiyarta suka koma bayan bishiyar mangwaro. Maƙwabciyar da ta yi alkawarin tsintar yarinyar kuwa ta rufe ƙofarta, wai mijinta ya ce kada ta kwaso musu ciwo gida. Mutane na wucewa suna kawar da kai.

Abin da babu wanda ya tuna shi ne, jarirai ake yi wa wannan al'ada. Kinasih kuwa tana da wayo.

"Ibu..." ta kira mahaifiyarta. "Don ba ni da gashi ne kika yar da ni?"

Ningrum ta ji kamar an zare mata rai. Ta zabura, amma wani ya riga ta. Gunadi ne, ya yar da babur a gefen titi, ya sunkuci yarinyar ya rungume.

"Kai, yau na yi tsintuwa. 'Yar wa ce wannan kyakkyawa? To, ta zama tawa."

"Ba ni 'yata," in ji Ningrum, hawaye na zuba. "Ba kai ka aiko Retno ba?"

"Ni? Kwana goma sha tara ina zaune a ƙofar asibiti, Dik, ƙanwata, ana korata. Retno ta ce ke ce ba ki son ganina."

"Mahaifiyarka fa?"

"Na durƙusa mata har ta gaji da ni ta yarda. Kuma kin san al'ada, wanda ya tsinta shi ne uba. In kina son ta, sai ki biyo ta gidana."

Ta rufe fuska tana kuka tana dariya.

Kinasih ta riƙe wuyan rigarsa, ta kira shi uba a karon farko. "Bapak, ba za ka ajiye ni ba?"

"Har abada, zuciyata."

An ɗaura auren a ranar da aka sa, mutum bakwai a falo, amarya ta koma asibiti da lallenta. Zagaye na uku bai karɓa ba. Likita ya kira su ofis ya yi magana a hankali, su ma suka gane. Kinasih ta yi wata biyu tana da uba, ta cika wata Talata da safe, hannunta cikin nasa mai baƙin mai.

Shi ya ɗauke ta a hannu har maƙabarta, kamar yadda ake ɗaukar yara. Da aka iso bakin kabari sai ya tsaya. Liman ya yi gyaran murya sau biyu, bai motsa ba.

"Dik," ya ce, bai waiwayo ba, "na yi mata alkawari."

Ningrum ta matso ta dafa likkafanin, ta dafa hannun mijinta.

"Ajiye ta, Mas. Wannan karon akwai Mai ɗauka."