Tawadar Da Aka Hana Wankewa

Hantsi bai gama ɗagawa ba Rakiya ta saki labulen ɗaki, ta jawo akwatinta daga ƙarƙashin gado, ta zaro wani bik mai kauri, mai shuɗiyar tawada. Mijinta Attahiru yana kwance rigingine bisa tabarma, ya naɗe riga har ƙirji.

"Kwanta daidai mana, Malam! Sai motsi kake awa yaron da za a yi wa allura."

"To ai ke ce ke yi mani cakulkuli."

"Yi mani shiru, kada hannuna ya goce."

Alamomi uku ne a jikinsa, ɗaya ƙasan cibiya, biyu a kwatangwalo hagu da dama, kowace layi biyu ne da suka gitta juna. Zufar garin Tawa ba ta barin tawada ta kwana lafiya, don haka kullum safiya sai Rakiya ta bi sawunsu a hankali, tana riƙe da numfashi.

Ga yadda abin ya faro. Attahiru falken albasa ne, ya doshi sittin, kuma Rakiya ce kaɗai matarsa tun da ya ɗauko ta daga Takanamat tana budurwa. Bara fitsari ya fara yi masa gardama. Daga likitan Tawa aka tura shi Yamai, can aka ce ciwon daji ne ya kama wata 'yar tsoka da ke ƙasan mafitsarar maza. Sa'ar da aka yi, yana wuri ɗaya bai bazu ba, ana iya gasa shi da na'ura ya mutu. Sai dai a shekarun nan na farkon dimokuraɗiyya, da ko allura sai majiyyaci ya sayo da kansa, ina za a ga irin wannan na'ura a ƙasar? Dole suka nufi Ikko, suka ce wa dangi fatauci ne.

A can wani likita ya auna shi ciki da bai, ya zana alamomin, tafinta yana fassarawa. "Wutar nan ba a ganinta, ita ma ba ta gani. Alamomin nan su ne idonta. Da su za mu saita ta daga kowane ɓangare, ta faɗa kan ciwon ta bar naman lafiya." Ana gobe za a fara, na'urar ta tsaya cak. Aka ce su koma gida sai bayan Babbar Salla, aka danƙa wa Rakiya bik ɗin, aka ja mata kunne: ban da soso, ban da sabulu. In alamomin suka goge sai an sake awo daga farko, ya koma ƙarshen layi, ciwon kuwa ba ya jiran kowa.

Tun a mota Attahiru ya kama hannunta. "Ki rantse mani ba wanda zai ji. In mutanen Tawa sunka san inda ciwon nan yake, cewa za su yi Attahiru ya tashi daga namiji. Gara in mutu." Ta rantse, don tana son sa, kuma ta ga hawaye a idon mutumin da ba ta taɓa gani yana kuka ba.

To, ana nan sai ga yayarsa Kadidiya daga Barmu, wai ta zo gaida mara lafiya. Kadidiya fa ba ta wasa ba ce. In ta zauna tsakar gida tana jan carbi, bakinta ne kawai ke wurin Allah, idanunta suna kan kowa. Kuma dama tun can tana da ƙullin Rakiya a zuciya. Namiji mai hali, mai mota a hanya, a ce shekara da shekaru ko kallon wata bai yi ba? A wurinta wannan ba so ba ne, aikin asiri ne.

Ta fara tara abin da ta gani. Attahiru ya rame. Tukunyarsa daban, ba yaji ba tattasai. Rakiya takan kwance bakin zane ta ba shi wasu ƙwayoyi, ba ta yarda kowa ya ga kwalinsu. Babban abin da ya tsaya mata a rai shi ne wanka. Ko ranar Juma'a ba ya shiga makewayi da guga, sai dai matar ta shige ɗaki da 'yar roba da tsumma ta ja labule.

"Ke Rakiya, wai mi ke damun ƙanena?"

"Zazzaɓin hanya ne, Yaya. Shina samun sauƙi."

"Zazzaɓin da ke hana wanka? Ikon Allah! Ni ban taɓa jin irinsa ba. Kuma wane fatauci ne ake tahiya da mace har Ikko, a komo ba riba sai ƙashin wuya?"

Rakiya ta sunkuyar da kai ta ci gaba da tankaɗe. Ita kanta ta san amsar ba ta da daɗin ji.

Safiyar da muke magana, tana kan alama ta biyu ke nan sai labule ya ɗaga. Sallamar Kadidiya da shigowarta lokaci ɗaya suka zo.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Na kama ki! Wallahi yau na kama ki!"

Attahiru ya zabura ya saki riga. Bik ya faɗi ƙasa, Kadidiya ta riga Rakiya ɗauka.

"Mi kike rubuta mashi a mara? Rubutun mutanenku na arewa ne, ko na waɗanda kika gano a Ikko? Ashe haka kika shanye shi! Attahiru, kana kwance ana zane ka awa allo, ba ka da bakin magana?"

"Yaya, ki bari, ba abin da kike zato ba ne."

"To mine ne?"

Rakiya ta dubi Attahiru, shi kuwa ya dubi ƙasa. Wannan shirun ya fi zagin Kadidiya yi mata ciwo.

Kafin la'asar an aika Barmu, washegari da hantsi sai ga babban wansu Sa'idu, dattijo mai farin gemu wanda ba a musu da shi a gidan. Bai zo hannu sake ba. Ya zo da rubutu a gora da ganyen magarya, aka haɗa a babbar ƙwarya, Kadidiya ta ajiye soso da sabulun salo a gefe. Maƙwabta mata har sun fara leƙe ta kan katanga, ka san Tawa, labari ba ya neman mota.

"Rakiya," in ji Sa'idu, "ban zo cin mutuncinki ba. Kin zauna da mu shekaru, ban taɓa jin kanki ba. Tambaya ɗaya zan yi maki. Mi kike zanawa a jikin ƙanena, kuma wa ya ba ki?"

"Yaya, wallahi ban taɓa nufin Malam da sharri ba."

"Ba ita na tambaye ki ba."

Kalma ɗaya ce tsakaninta da wanke kanta, tana nan bisa harshenta. Ta sake duban mijinta. Yana zaune bisa kujera ya haɗa hannuwa tsakanin gwiwoyi, gumi na bin wuyansa. Haushinsa ya kama ta, tausayinsa kuma ya fi haushin yawa.

"Ba ni da abin hwaɗi, Yaya."

"Kun ji ko!" Kadidiya ta tafa hannu. "Mai gaskiya shina ɓoyo? Dimokuraɗiyyar ce ta shigo mana har ɗaki, mace ta yi abin da ta ga dama a tambaye ta ta ce ba ta hwaɗi!"

Sa'idu ya girgiza kai. "To shi ke nan. Ki haɗa kayanki ki tahi Takanamat wurin danginki, har mu ga abin da Allah zai yi. Kai kuma tuɓe rigarka a wanke wanga abu."

Rakiya ta shiga ɗaki. Ta jawo zannuwa tana cusawa a buhu, hawaye na zuba, ba ta ma san abin da take ɗauka ba. Korar ba ta dame ta kamar tunanin gobe da safe ba: wa zai bi masa sawun alamomin? Tana cikin haka sai ta ji ƙarar ruwa, an tsoma soso a ƙwarya. Ta leƙa. Attahiru na tsaye, sun ɗage masa riga, ya rufe ido kamar ragon da ya sallama. Wai don Allah mutumin nan zai bari a wanke ransa saboda kunya!

Ba ta san lokacin da ta fito ba. Ta sha gabansa, ta kai wa hannun Kadidiya cafka, gwiwarta ta bugi ƙwaryar. Ruwan ya kife, ya jiƙe mata zane, sauran ƙasa ta shanye.

Can wata daga kan katanga ta ce, "La'ilaha! Rubutu ta zubar!"

Sa'idu ya miƙe. "Sunan Allah kika kifar a ƙasa don kada asirinki ya karye? Attahiru! In ni da kai uwa ɗaya uba ɗaya muke, ka sake ta yanzu, ina ji da kunnena!"

Rakiya ta durƙusa cikin caɓi. "Ku yi mani duk abin da kunka ga dama. Amma don girman Allah kada ruwa ya taɓa wurin nan."

"Ya isa!"

Muryar Attahiru ce, har tantabarun gidan suka tashi. Ya kama rigarsa da kansa ya ɗaga.

"Ku duba da kyau, ku ma na bisa katanga ku duba! Likita ya zana, ba ita ba. Daji gare ni, Yaya, a mara, wurin da namiji ba ya son a ambata. Wuta za a saita bisa alamomin nan a gasa shi. In sunka goge, na rasa layina, wataƙila in rasa raina. Ni na sa ta rantse, don ina jin kunyarku. Ina zaune kunka kira ta mai asiri, kunka kore ta, ban ce uffan ba. In akwai wanda ya tashi daga namiji a gidan nan, to tun jiya na tashi, ba ciwo ya tashe ni ba."

Ya sunkuya ya ɗago ta a gaban kowa, abin da bai taɓa yi ba. "Ki gahurta mani, Rakiya."

Soso ya suɓuce daga hannun Kadidiya. Ta zauna daɓas a ƙasa ta ɗora hannu a ka. "Wayyo ni Kadidiya! Da hannuna na so in kashe ɗan'uwana! Ke kuwa baiwar Allah, ina zagin ki kina ji, mi ya hana ki hwaɗi?"

"Ba sirrina ba ne, Yaya."

Sa'idu ya daɗe yana kallon ƙasar da ta jiƙe. Sannan ya ce Allah ya san niyyar kowa, ya nemi gafarar Rakiya da bakinsa, babba da shi. Kadidiya ta kwance bik daga bakin mayafinta ta miƙa mata da hannu biyu, ta kasa haɗa ido da ita.

Bayan Salla suka koma Ikko. Likita ya duba alamomin ya tarar suna nan daram inda ya bar su, aka fara gashi. Ya sha wuya, ba a cewa bai sha ba, amma kafin kaka Attahiru ya koma kasuwar albasa yana ciniki da ƙarfinsa. Masu gulma sun yi ta 'yan kwanaki suka gaji, wasunsu ma daga baya suka riƙa jan sa gefe suna tambayar hanyar Yamai.

Jama'a, ciwo ba abin kunya ba ne, ɓoye shi ne ke kisa. Zato kuma zunubi ne, ko da ƙauna ce ta haife shi, don Kadidiya ba ƙin ƙanenta take yi ba. Wadda ta riƙe amana ta yi haƙuri, Allah ba ya barin ta ta kunyata.

Ranar da suka komo daga Ikko bayan an gama gashin, motar ta wuce Dabnu an fara hango duwatsun Adar, Attahiru ya matso kusa da ita ya rage murya.

"Wai da na bi maganar Yaya na sake ki ranar nan fa?"

Rakiya ta harare shi ta gyara lulluɓi.

"Da kullum safiya ka gan ni ƙofar gidanka da bik ɗina. Sai na ga an gama gasa ka sarai, sannan in yi fushina."