Ruwan Zafi a Ɗakin Ƙurya

Rana ta yi ja tana gangarawa bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura Namoda, kaji sun fara neman akurki, amma Muhtari yana nan durƙushe gaban sabon talabijin, rimot a hannu, gumi na bin ƙeyarsa. Ƙanensa Imrana ne ya aiko masa da shi daga Gusau, irin na zamani da ke aiki da intanet. Tun da aka kafa shi a bangon falo abu guda yake yi. Zai nuna sunan wayifai ɗin gidan, a danna, wata 'yar da'ira ta yi ta juyawa, ta yi ta juyawa, can ya ce ya kasa. Wayoyin gidan duk suna kamawa, shi kaɗai ya ƙi.

Muhtari malamin lissafi ne a sakandare, kuma Allah ya zuba masa taurin kai, ba ya barin abu sai ya ga ƙarshensa. Ya kashe ya kunna. Ya zare filogi daga batirin sola, ya jira, ya mayar. Ya gyara kwanan wata, ya goge sunan wayifai ya sake nemo shi. Lambar sirri kuwa ya yi ta karanta ta da ƙarfi yana shigarwa, har matarsa Kulsumu ta haddace ta daga bakin murhu. Duk a banza.

Ita rautar, ɗan farin akwatin nan da ake sa wa layi yake raba intanet, ba ta samun sabis a ko'ina cikin gidan sai a ɗakin ƙurya. Ɗakin ƙasa ne, na marigayiya mahaifiyarsa, tun rasuwarta ba wanda ya sake kwana ciki, sai buhunan gero da tsofaffin tukwane. A cikin alkukin bango, inda tsohuwa take aje fitilarta, nan ya ɗora rautar tana ta ƙifta koren haske.

Da abin ya ishe shi ya kira Imrana a waya. Imrana ya ce, "Yaya, duba rautar dai. Wani lokaci tururuwa kan shige cikinta saboda ɗumi."

Ya nufi ɗakin ƙurya ya haska da waya. Ai kuwa ga su nan, layi guda baƙi ƙirin, daga wani rami a gindin bango har zuwa alkuki.

"Yauwa! Ga ɓarayin!" Ya ƙwala wa 'yarsa ta fari kira. "Ummuhani! Ɗebo ruwan tuwon can da ke tafasa ki kawo."

Kulsumu ta ɗago daga murhu. "Baban Ummu, ana shirin kiran salla hwa. Ba a zuba ruwan zahi a ƙasa da magariba. Ku bari sai da sahe, in ko dole ne ku yi sallama ku yi bisimilla."

"Tururuwar zan yi wa sallama? Ke, zuba mu gani."

Ummuhani yarinya ce mai jin magana, abin da ya cuce ta ke nan. Ta durƙusa, ta karkata kwanon da hannun dama, ruwa ya kwarara cikin ramin yana tururi. Daga ita har uban ba wanda ya ambaci sunan Allah. Daidai lokacin ladan ya ɗaga murya.

Sai suka ji wani kuka siriri daga ƙarƙashin bangon, kamar na ɗan kyanwa, ya yi sama ya yanke. Kwano ya suɓuce daga hannun yarinyar. Ta ce hannunta na zafi. Muhtari ya haska ya duba, ko ɗigon ruwa bai taɓa ta ba. Ya ce tururi ne, ta je ta yi alwala.

Washegari da magariba aka fara jifa. Dutse na farko ya faɗo kan kwanon rufi, ƙwal, ya gangaro. Na biyu ya biyo. Muhtari ya fita da sanda yana cewa 'yan unguwa ne marasa tarbiyya, ya zagaya bayan gida bai ga ko akuya ba. Yana tsaye a waje yana jin duwatsun na sauka a ciki. Da ya dawo ya tsinci ɗaya a tsakar gida, sai da ya yar, don zafi ne da shi kamar daga murhu aka ciro shi.

Daga ranar kowace magariba haka take zuwa. Iska ta tsaya cak, gidan ya yi tsit, sai jifa. Ummuhani ta daina cin abinci, ta daina zuwa makaranta. Hannunta na dama ya dunƙule, ko uwarta ta kasa buɗe yatsun. An kai ta asibiti, an ɗebi jini, an ce ba zazzaɓi ba komai, aka ba ta ƙwayoyi. Da rana tana kwance shiru tana kallon rufi. Rana na faɗuwa sai ta miƙe, ta je ƙofar ɗakin ƙurya ta zauna ta miƙe ƙafa, tana jijjiga cinya kamar mai rarrashin jariri, alhali babu komai a kan cinyar.

Kulsumu ta yi kuka har ta gaji. "Ka kira malamai, Baban Ummu. Ɗiyarmu za ta lalace muna kallo."

Shi kuwa yana ta kame-kame, wai firgita ce, za ta wuce. Ba rashin imani ba ne, wallahi. Tsoro ne. Ya sani in ya yarda da abin da Kulsumu ke nufi, to ya yarda shi ya jefa 'yarsa cikin wannan hali da bakinsa.

Abin da ya karya shi ya faru ne wata magariba yana shirin fita masallaci. Talabijin ya kunna kansa. Da'irar nan ta fito tana juyawa, kuma daga cikin sifikarsa kukan jariri ke fita, kuka mai shiƙewa, irin na yaron da ciwo ya ci ƙarfinsa. Muhtari ya yi tsalle ya fizge filogi. Allon ya mutu, kukan bai tsaya ba. Daga tsakar gida ya ji muryar wata tsohuwa tana cewa, "Yi shiru, yi shiru, ɗana." Ya leƙa. Daga bakin Ummuhani muryar ke fitowa.

Ko takalmi bai tsaya sawa ba ya tafi gidan Malam Shu'aibu.

Malam Shu'aibu mutumin Badarawa ne ta wajen Shinkafi, rashin zaman lafiya ya dawo da shi Ƙaura. Dattijo ne siriri, ba ya gaggawa, ba ya ɗaga murya. Ya saurari labarin tun daga talabijin har ruwan zafi, sai da Muhtari ya kai wurin maganar sallama ya ɗago ya dube shi. Wannan kallo ya fi zagi ciwo. Ya ce zai zo gobe bayan la'asar.

Ya zo da ganyen magarya da man habbatus sauda. Aka shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin ƙurya, aka lulluɓe Ummuhani da babban hijabi, Kulsumu ta riƙe ta ta baya. Kafin ya fara ya juya ga Muhtari. "Duk abin da ka ji, kada ka tanka. Ni kaɗai zan yi magana da ita."

Ya fara karatu a hankali kusa da kunnenta. An daɗe ba abin da ya motsa. Inuwar katanga ta miƙe ta rufe tsakar gida. Can jikin yarinyar ya ɗau rawa, wuyanta ya sanƙare, ta saki wani nishi mai kauri da ba na ƙirjin yarinya ba.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wa ke magana?"

"Baƙuwa ce."

"Musulma ko kafira?"

"Musulma. Ina jin kiran salla kamar yadda kuke ji."

"To, baiwar Allah, mi ya kai ki jikin ɗiyar mutane?"

Muryar ta amsa a gajiye. "Daga dajin Kurya munka taso. Ƙarar bindiga da ƙarnin jini sunka kore mu, yadda sunka kore ka daga garinku. Munka iske ɗaki babu kowa, munka raɓa ni da jinjirina. Ko ƙwayar gero ba mu taɓa ba. Sai wanga mutum ya kawo abinai mai ƙifta ido. Ku ba ku jin kukan da yake yi, mu muna jin shi har cikin haƙora. Hanyar da yake bi zuwa allon can ta kan shimfiɗar ɗana ta ratsa, yaro ya kasa barci. Ni na zauna na tare ta da bayana. Abin da na yi ke nan. Shi ne anka zuba mana wuta."

Tsigar jikin Muhtari ta tashi. Duk kwanakin da ya yi yana danne-danne da tsaki, ashe wata uwa ce zaune a hanya tana kare ɗanta.

Malam ya ce, "Yaron na da rai?"

"Yana da rai. Hannunai na dama ya saɓule. Hannun da ya zuba nike so, in shanye shi in tahi."

"Ba ki da wannan haƙƙi. Ba su gan ku ba, kuma kun shiga gidan mutane ba da izini ba. Kuskure ne."

"Kuskure?" Ta yi wata dariya marar daɗi. "Uwar gida ta hwaɗa musu. Da kunnena na ji ta."

Malam ya koma karatu da ƙarfi, yana tofawa a ruwan magarya yana yayyafa mata. Baƙuwar kuma ta kama hannun yarinyar. Muhtari yana kallo dunƙulallen hannun 'yarsa ya fara murɗewa baya, a hankali, gwiwar hannu na juyawa inda ba ta juyawa. Ƙashi ya yi ƙara. Ta ƙarƙashin muryar tsohuwar sai ga muryar Ummuhani ta ainihi, 'yar ƙarama, ta ce, "Baba."

Nan ya manta da duk gargaɗin da aka yi masa. Ya zube a gabanta ya miƙa hannu. "Ni na sa ta! Ba ta da laifi, ni na ce ta zuba! Ki sake ta, ga nawa!"

"Yi shiru!" Malam ya daka masa tsawa, karo na farko da aka ji ya ɗaga murya. "Ba a ciniki da su!"

Amma magana ta riga ta fita. Idanun yarinyar suka juyo kan Muhtari, suka daɗe a kansa. Hannun ya daina murɗewa.

"Na ji," in ji muryar.

Malam ya yi maza ya shiga tsakani. Ya ce babu wani alkawari a nan, maganar uba ce da hankalinsa ya tashi, kuma duk wanda ta taɓa a gidan nan Allah zai tambaye ta. Ya ce zai ba ta ruwan addu'a a zuba a bakin ramin da bisimilla ta wanke wa ɗanta ƙuna, za a ɗauke rautar daga ɗakin, ita kuma ta rantse ta fita ta bar gidan. Ta ce ina za ta da yaro marar lafiya? Ya ce ƙasar Allah da faɗi, akwai kangaye a bayan gari inda ba mai damun ta. Ta nemi a ba ta zuwa kiran salla ta goya ɗanta. Ya ce ya ba ta. Ya sa ta rantse, ta rantse. A kan maganar Muhtari kuwa, ko da ya matsa mata, ba ta ƙara cewa komai ba.

Kulsumu ce ta zuba ruwan da hannunta, tana bisimilla tana hawaye. Ladan ya ɗaga murya. Ummuhani ta yi atishawa mai ƙarfi, ɗan yatsan ƙafarta na hagu ya yi karkarwa, jikinta ya saki gaba ɗaya a ƙirjin uwarta. Ba a yi jifa ba. Can ta buɗe ido ta ce, "Inna, yunwa nike ji."

Kulsumu ta rungume ta tana hamdala. Malam ya yi addu'a, ya tattara kayansa. A bakin zaure ya tsaya ya dubi Muhtari kamar zai yi magana, sai kawai ya ce ya riƙe azkar safe da yamma, ya wuce masallaci.

Muhtari ya dawo ya zauna a bakin tabarma. Ummuhani ta ga yadda leɓɓansa suka bushe, ta lallaɓa ta ɗebo ruwa a randa da moɗa, ta durƙusa ta miƙa masa. Ya karɓa.

"Baba, da hagu?"

Ya dubi hannunsa na dama. Yana kwance a kan gwiwarsa, yatsun sun lanƙwashe ciki. Tun ɗazu yake ce masa ya tashi, ya ƙi motsi. Ya ja hannun riga ya rufe shi.

"Buɗe naki in gani, ɗiyata."

Ta buɗe tafin hannunta, ta rufe, ta sake buɗewa, yatsu biyar suna motsi lafiya lau.

"Alhamdu lillahi," in ji Muhtari. Ya ɗaga moɗar da hagu ya sha.